Tsatsa a Halawa: abin da ke ci wa magoya bayan ƙwallon Jami'ar Hawai tuwo a ƙwarya

A ranar 17 ga Disamba, 2020, hukumar da ke kula da filin wasa na Aloha, a unguwar Halawa da ke gefen Honolulu, babban birnin jihar Hawai ta Amurka da ke tsibiran tsakiyar tekun Fasifik, ta sanar cewa ta daina karɓar wasanni da 'yan kallo. Fili ne mai cin mutum 50,000, amma tsatsa ta ci ƙarfensa har an daina yarda da shi, ga kuma annobar korona ta toshe ɗan kuɗin da ke shigowa. Ƙungiyar da ta fi shekara 40 tana haya a wurin, wato Rainbow Warriors ta Jami'ar Hawai, ta wayi gari ba ta da gida. Tun daga ranar, duk inda magoya bayanta suka haɗu, ƙorafin bai wuce uku ba: wa za mu kara da shi bana, a ina za a buga, kuma wane yaro ne zai tsaya har baɗi.

Wasan da ake magana a kai shi ne zari-ruga irin ta Amurka, wadda su can suke kira ƙwallon ƙafa duk da cewa da hannu ake yawancin aikin. A Amurka jami'o'i ne ke renon 'yan wasan kafin ƙwararrun gasar NFL su ɗauka, kuma gasar jami'o'in kanta babbar kasuwa ce: filin Jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum sama da 100,000. Hukumar NCAA ce ke tsara harkar. Ajin sama shi ake kira FBS, mai ƙungiyoyi sama da 130, na ƙasa da shi kuma FCS. A cikin ajin saman ma akwai 'yan bora da 'yan mowa. Manyan rukunoni irin su Big Ten da SEC su ke kwashe kuɗin talabijin, inda kason jami'a guda a Big Ten ke haura dala miliyan 60 a shekara. Rukunin da Hawai take ciki, Mountain West, cinikin da ya yi da tashoshin CBS da Fox a 2020 dala miliyan 270 ne na shekara shida, abin da ya riƙa ba kowace jami'a kusan miliyan huɗu a shekara. Ita Hawai ma tsarinta ya kasance daban, don ta shafe shekaru tana sayar da wasanninta na gida ga kamfanin Spectrum, inda a da sai mai kallo ya biya kuɗin kowane wasa kafin a buɗe masa.

Wani abu kuma da ya sa maganar ta fi ƙarfin jami'a: jihar Hawai, mai mutane kusan miliyan 1.4, ba ta da ƙungiyar ƙwararru ko ɗaya a manyan gasannin Amurka. Wannan ƙungiyar ɗaliban ita ce ta kowa, har da wanda bai taɓa taka harabar jami'ar ba.

Gidan haya

Kafin Aloha, a tsohon filin Honolulu da ke unguwar Moiliili ake wasa. Na katako ne, an buɗe shi a 1926, kuma gara ta yi masa cin da har mutanen gari suka laƙaba masa suna Fadar Gara. Da aka tashi gina sabo sai aka ce to, an gaji da katako, ƙarfe za a sa. Aka zaɓi wani nau'in ƙarfe da masu shi suka ce zai yi ɗan ɓawon tsatsa a sama, ɓawon ya zame masa riga, shi ke nan ba sai an yi fenti ba. A busasshiyar ƙasa dabarar tana ci. Amma Halawa tana bakin Pearl Harbor, iskar teku mai gishiri na kaɗawa dare da rana, don haka tsatsar ba ta tsaya a ɓawo ba, ta yi ta nutsawa ciki. An gudu daga gara an faɗa wa tsatsa.

An buɗe filin a 1975 kan kuɗi dala miliyan 37, kuma a lokacin abin nuna wa baƙo ne. Ɓangarori huɗu na kujerunsa ana iya tura su a sauya wa filin siffa, yau zari-ruga, gobe ƙwallon gora. Shekaru da dama a nan NFL take yin wasan taurarinta na ƙarshen kaka, tun daga 1980. A 2007 aka kulle ɓangarorin wuri guda saboda tsadar gyara. Daga nan kuma sai faci a kan faci.

Abin da mai kallo daga nesa ba ya lura da shi shi ne filin ba na jami'ar ba ne. Na gwamnatin jiha ne, wata hukuma daban ke riƙe da shi. Jami'ar ba ta da ikon cewa a gyara, ba ta da ikon cewa a rushe, kuma rabon kuɗin ajiye motoci da na sayar da abinci ya daɗe yana jawo gunaguni tsakaninta da mai gida. Duk wanda ya taɓa zaman haya a gidan da rufinsa ke yoyo, mai gida kuma kullum yana cewa "bari damina ta wuce", ya san irin wannan zaman.

Da aka rufe, sai jami'ar ta waiwayi filin atisayenta da ke cikin haraba a kwarin Manoa, mai suna Clarence T.C. Ching. Filin tsere ne da motsa jiki. Cikin 'yan watanni aka kakkafa benci-bencin ƙarfe, aka kai shi kujeru kusan 9,000. Wasan farko a can, a Satumban 2021, ba a bar ɗan kallo ko ɗaya ya shiga ba saboda dokar korona. A 2023 aka ƙara shi zuwa kusan 15,000, aka ciro babban allon bidiyo daga Aloha aka kawo aka kafa. Wanda ya kalli wasa a can ta talabijin zai ga koren dutse a baya, benen ajiye motoci a gefe, yayyafin Manoa na saukowa ba sallama, mutane a matse har kamar za su taɓa 'yan wasa. Yana da daɗin kallo, kuma ihun mutum 15,000 a ƙuntataccen wuri ya fi na 20,000 da suka warwatsu a fili mai cin 50,000. Sai dai akwai abin da ya ɓace. A Halawa, tun da hantsi iyalai ke cika filin ajiye motoci, a kafa rumfa, a hura gawayi, a gasa nama da kifi, kaka da jika a wuni tare kafin a shiga kallo. Ga mutane da yawa wannan zaman shi ne rabin wasan. Manoa ba ta da irin wannan sararin.

Maganar sabon fili kuwa ta zama gafara sa. Da farko an ce za a buɗe a 2023. Majalisar dokokin jiha ta ware kusan dala miliyan 350 don ginin, aka tsara cewa ɗan kasuwa zai gina filin haɗe da gidaje da kantuna a kewayensa. Gwamna David Ige ya taka wa tsarin birki a 2022, magajinsa Josh Green ya sake fasalinsa a 2023, aka ce 2028, sannan aka koma 2029. Girman ma ya yi ta raguwa har ya taɓa saukowa ƙasa da kujeru 25,000. Abin dariya, abin takaici: da aka buɗe jirgin ƙasan Honolulu mai suna Skyline a Yunin 2023, tashar ƙarshe ta zangon farko a bakin filin Aloha take. Jirgi ya iso, wasa ya tashi. Abin da ya rage a wurin shi ne kasuwar 'yan gwanjo da tsaraba da ke ci a filin ajiye motoci.

A nan magoya baya suka rabu biyu, kuma ni ina ganin masu kukan cewa sabon filin ya yi ƙanƙanta ba su yi wa kansu adalci ba. A shekarun ƙarshe na Aloha sau da yawa ko rabi ba ya cika. Kujera 50,000 da babu kowa a kanta ita ma gyara take ci. Amma masu kukan suna da hujja guda mai nauyi: girman fili shi ne ke gaya wa manyan baƙi ko ya cancanci su keto teku. Jami'ar San Diego State, abokiyar rukuninsu a lokacin, ta buɗe nata filin mai kujeru 35,000 a 2022, UNLV, wato Jami'ar Nevada da ke Las Vegas, kuma tana wasa a filin ƙwararru na Las Vegas mai cin 65,000. Yaro ɗan shekara 17 da aka zagaya da shi waɗannan wuraren, sannan aka kawo shi Manoa aka nuna masa bencin wucin gadi, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

A da akwai wata barazanar: dokar NCAA ta ce dole ƙungiyar ajin FBS ta riƙa samun matsakaicin 'yan kallo 15,000, aƙalla sau ɗaya a shekara biyu. Lambar kujerun da aka kai filin Ching ba ta rasa nasaba da wannan. A 2023 NCAA ta soke dokar, don haka ta wannan gefen an samu sauƙi.

Wa zai keto teku?

Daga Honolulu zuwa gaɓar Kalifoniya kusan kilomita 4,000 ne, tafiyar awa biyar a jirgin sama. Babu abokin karawa ko ɗaya da za a je wa a mota. Duk wasan waje sai an kwashi mutum sama da ɗari, da kwalkwali da sulke da kayan likitoci, an loda a jirgi. Wani lokacin idan wasannin waje biyu suka jeru, ƙungiyar ba ta komawa gida, sai ta yi mako guda a otal, yara suna karatu ta kwamfuta. Kuma wuraren da ake zuwa ba wasa ba: garin Laramie, gidan Jami'ar Wyoming, yana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,200. Yaron da ya saba da iskar bakin teku zai je can a watan Nuwamba ya haɗu da sanyi da ƙarancin numfashi a rana guda.

Baƙin ma haka suke ji idan za su zo. Shi ya sa NCAA ta daɗe da yin wata doka ta musamman: kowace ƙungiya wasa 12 take yi a kaka, amma wadda ta je Hawai an yarje mata ta ƙara na 13, yawanci a gidanta, don kuɗin tikitin ya rufe mata asarar tafiya. Ita ma Hawai tana da wannan damar, kuma ana barinta ta fara kaka mako guda kafin sauran. Shekaru da yawa dabarar ta yi aiki. Manyan jami'o'i sukan zo a ƙarshen kaka, masu hannu da shuni cikin magoya bayansu su biyo su, a haɗa kallo da hutu a bakin ruwan Waikiki.

Yau lissafin ya canja. Babbar ƙungiya tana da wasan lashe rukuni a gabanta, ga gasar fitar da gwani da aka faɗaɗa zuwa ƙungiyoyi 12 tun 2024. Ƙarin wasa a wurinta ƙarin rauni ne. Kuma me za ta je nema a fili mai cin 15,000, inda ko magoya bayanta ba za su samu kujera ba? An tsara Oregon za ta zo Honolulu a Agustan 2024, wasan ya faɗi daga jadawali. Wadda ta cike gurbin ita ce Delaware State, ƙaramar jami'a daga ajin FCS, daga can gabashin ƙasar. Su kuma motocin da za su kai su filin jirgin New York suka makara, jirgi ya tashi ya bar su, sai rarraba su aka yi a jirage daban-daban. Sun iso dai, aka ci su 35 da 14. A wannan kakar Hawai ta kara da 'yan ajin ƙasa har biyu, ɗayar ita ce Northern Iowa, alhali doka ta ce nasara ɗaya ce kawai a kan irinsu ake ƙirgawa wajen neman gurbin wasannin rufe kaka da ake kira bol. Mai tikitin kaka ya biya kuɗin wasan da ko an ci bai cika ƙara komai ba.

Ba yau aka fara ba. A 2007, shekarar da Hawai ta ci wasanninta 12 duka, Michigan State ta gwammace ta biya tara ta janye da ta zo ta fuskanci Colt Brennan, mai jefa ƙwallon da ya jefa ƙwallayen ci 58 a kakar da ta gabata. Dole aka cike jadawali da Northern Colorado da Charleston Southern, sannan masu sharhi a babban yankin Amurka suka juyo suna cewa ai Hawai ba ta kara da kowa ba. Idan ba ka da ƙarfi ba mai son zuwa don ba riba, idan ka yi ƙarfi ba mai son zuwa don tsoron kunya.

Ɗaya hanyar samun kuɗi ita ce a bi manya gidansu a sha duka a karɓi lada. Haka tsarin yake a fili, ba a ɓoye ba: babbar jami'a tana biyan ƙarama ta zo ba tare da alkawarin ramuwar ziyara ba. A Satumban 2022 Hawai ta je Michigan, aka ci ta 56 da 10, ta dawo da kusan dala miliyan biyu. A 2023 ta je Oregon, 55 da 10. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, sai dai a nan gardin ma ba aljihunsa yake sawa ba, da kuɗin ake ɗaukar nauyin sauran wasannin jami'ar, har da na mata, waɗanda su ma kowace tafiyarsu ta jirgi ce. Mai goyon baya yana cewa a daina kai yara mahauta. Mai riƙe da asusu yana cewa to a nuna masa inda zai samo miliyan biyu, tunda kujeru 35,000 sun ɓace daga ƙofar shiga.

Akwai kuma harajin da babu wata ƙungiya da ke biyan irinsa. Da Hawai ta bar rukunin WAC ta shiga Mountain West a 2012, da ƙwallon zari-ruga kaɗai aka karɓe ta, kuma da sharaɗin za ta riƙa biyan kuɗin jirgin duk abokiyar rukunin da ta zo mata, dala 150,000 zuwa 175,000 a kowane wasa. Mai masauki ke biyan kuɗin motar baƙon da ya zo dukansa. Wannan ya kau ne sanadin rikicin da bai shafe ta ba. A 2024 jami'o'i biyar, Boise State, Fresno State, San Diego State, Colorado State da Utah State, suka sanar za su koma rukunin Pac-12 daga 2026. Mountain West ta ga tana neman rushewa, sai ta lallaɓo Hawai ta ba ta cikakken zama daga Yulin 2026, aka yafe kuɗin jirgin. Riba ce, amma da tsada. Waɗanda suka tafi su ne masu jan 'yan kallo. Gaba da Fresno State ta shekaru aru-aru ce, kuma dattawan magoya baya har yau suna tuna daren Nuwamban 2007 da aka doke Boise State 39 da 27 a Aloha cike maƙil. Waɗanda ke shigowa, irin su Northern Illinois, ba su da wannan tarihin da mutanen tsibirin, kuma Illinois ta fi Kalifoniya nisa nesa ba kusa ba.

Ko lokacin wasa ma abin magana ne. Wasan da aka fara ƙarfe shida na yamma a Honolulu, sha biyun dare ne a New York, biyar na asuba a Kano. Masu kaɗa ƙuri'ar jera ƙungiyoyi sun yi barci. Waɗanda suka rage a farke galibi 'yan caca ne da suka yi asara da rana suna neman mayar da gurbi.

Renon ɗan wani

Hawai ƙasar 'yan wasa ce. Idan aka duba yawan jama'arta, abin da take fitarwa ya wuce misali. Marcus Mariota, wanda ya ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 2014, ɗan makarantar Saint Louis ne a Honolulu, amma Oregon ya bugawa. Tua Tagovailoa daga makarantar ya fito, Alabama ta ɗauke shi. Manti Te'o ya tafi Notre Dame. Dillon Gabriel, ɗan Mililani, ya zagaya jami'o'i uku, babu Hawai a ciki, duk da mahaifinsa ya bugawa Hawai. Wannan tsohon ciwo ne, an saba da shi. Jami'ar takan tsinci waɗanda manya suka raina, ta haɗa da yara daga Samoa ta Amurka da Ostareliya da Kalifoniya da Las Vegas, ta rene su shekara huɗu ko biyar har su nuna.

Sabon ciwon shi ne renon ma ba ya kai wa girbi. A 2018 NCAA ta buɗe rajistar masu neman sauya sheƙa, inda ɗan wasa zai sa sunansa kowace jami'a ta gani. A 2021 aka soke dokar da ke tilasta wa mai sauya sheƙa zaman shekara guda ba wasa, kuma daga 1 ga Yulin shekarar aka halatta wa 'yan wasa karɓar kuɗi da sunansu da hotonsu, abin da ake kira NIL. Daga 2024 mutum na iya sauyawa sau nawa ya ga dama. Sannan a Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar da ake kira House, wanda ya ba kowace jami'a damar biyan 'yan wasanta kai tsaye har dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Ban ga laifin wannan ba. Yaran da ake karya wa ƙashi alhali koci na karɓar miliyoyi sun cancanci kasonsu tun tuni. Amma ga ƙungiya irin Hawai, wadda ba ta ko hango wannan adadin, ma'anarsa ita ce duk yaron da ya haskaka a watan Oktoba, kafin Disamba wayarsa ta fara ruri.

Mafi munin abin ya faru ne a ƙarshen 2021, shekara guda cif bayan rufe Aloha. 'Yan wasa suka fito suna zargin koci Todd Graham da muzanta su da baƙar magana. Fiye da goma sha biyu suka sa suna a rajistar tafiya, ciki har da madugun ƙungiyar, Chevan Cordeiro, ɗan gari, wanda ya koma San Jose State, abokiyar hamayya a rukuni ɗaya. Har ɗan kocin na cikinsa ya sa suna. Ƙungiyar ta janye daga wasan bol da Memphis ana gobe za a buga, saboda korona da rauni da ƙarancin mutane. A 7 ga Janairun 2022 sanatocin jiha suka zauna suna sauraron 'yan wasa da iyayensu, mako guda bayan nan Graham ya ajiye aiki. Ka ga inda ƙwallon ɗalibai ta kai: zauren majalisa. Abin da na kasa mantawa shi ne majalisar da ta samu lokacin tuhumar koci ita ce ta shafe shekaru tana jan ƙafa kan tsatsar Halawa.

Tsofaffin magoya baya sun ga irin wannan a baya. June Jones ya karɓi ƙungiyar da ta sha kashi a wasanni 12 duka a 1998, ya ci tara a shekararsa ta farko, ya kai ta har babban wasan Sugar Bowl a ranar 1 ga Janairun 2008, inda Georgia ta doke su 41 da 10. Cikin mako guda ya tattara ya koma SMU a Texas, kuma lalacewar kayan aiki na cikin abin da ya kore shi. A lokacin, Brennan da kansa ya fito ya yi ƙorafin cewa ko sabulu babu a banɗakin 'yan wasa. Ƙungiyar da duk Amurka ke kallo, tauraronta na roƙon sabulu.

Bayan Graham aka ɗauko Timmy Chang, ɗan gari, shi ma ɗan Saint Louis, wanda a zamaninsa ya kafa tarihin jifa na yadi 17,072 a rigar Hawai. Bai taɓa riƙe babbar ƙungiya ba, kuma ya tarar da ɗaki wayam. Wasansa na farko Vanderbilt ta zo har gida ta zuba musu 63 da 10. Ya ci uku a 2022, biyar a 2023, biyar a 2024, mutane suka fara cewa a kore shi. A 2025 ya ci tara. An buɗe kakar da doke Stanford 23 da 20, da bugun da wani Bajapane, Kansei Matsuzawa, ya tura tsakanin sanduna a daƙiƙar ƙarshe. Yaron nan ƙwallon ƙafa irin tamu ya taso yana bugawa a Japan, a YouTube ya koyi bugun zari-ruga shi kaɗai, ya yi aiki a gidan abinci ya tara kuɗi, ya fara daga wata ƙaramar kwaleji a Ohio, sannan ya zo Hawai ba tare da tallafin karatu ba. An rufe kakar a jajibirin Kirsimeti a filin Ching, inda California ta fara cin 21 ba ko ɗaya, Hawai ta farke ta ci 35 da 31. Mai jefa ƙwallon California a daren, Jaron-Keawe Sagapolutele, ɗan Ewa Beach ne, wato ɗan tsibirin da manya suka riga suka ɗauke.

Labarin Matsuzawa yana taɓa wani tsoron da bai cika fitowa fili ba. A da doka ta ƙayyade masu tallafin karatu 85 ne, amma ƙungiya na iya tara mutum 120 ko fiye, sauran 'yan sa-kai ne da ke biyan kuɗin makarantarsu da kansu don kawai su sa rigar. Sabon sulhun ya ce ga jami'o'in da suka shiga tsarin, mutum 105 ne iyaka, kuma ana iya ba su tallafi duka. Mai kuɗi zai cike 105 ɗinsa da zaɓaɓɓu, ya ƙara kwashe yara 20 da a da ƙananan jami'o'i ke samu. Mara kuɗi kuma ƙofar da 'yan sa-kai ke shigowa ta ƙuntata masa, alhali ta nan Hawai ta saba tsintar dami a kala, daga makarantun ƙauyukan Oahu, tsibirin da Honolulu take, da sauran tsibirai.

Idan aka bi zaren, ƙorafin uku a ƙulle suke wuri guda. Ƙaramin fili yana rage kuɗin ƙofa, yana kuma hana manyan baƙi zuwa. Rashin manyan baƙi yana rage sayen tikitin kaka da kuɗin talabijin. Rashin kuɗi yana sa a kasa riƙe yaro, tafiyar yaro tana kawo shan kashi, shan kashi kuma shi ne hujjar ɗan majalisa na cewa me za a yi da babban fili ga ƙungiyar da ba ta cika ƙarami ba. Koci yana iya gyara abu ɗaya ne a ciki, shi ma na kaka guda. Shi ya sa nasarar 2025 ba ta kwantar mini da hankali yadda ta kwantar wa wasu ba: ta ɗaga farashin yaran a kasuwar sauya sheƙa, kuma tana iya sa masu riƙe da lalitar jiha su ce ashe ma ana iya ci a filin atisaye, gaggawar me ake yi.

Yaran da suka shigo jami'ar a 2021 sun gama sun tafi ba su taɓa buga wasan gida a fili na dindindin ba. Idan alkawarin 2029 ya cika, filin da aka kafa don a ɗan fake zai kasance ya yi kaka takwas yana aiki.